Kifin da Kawu ya raɗa wa sunana

Na sha wahala a mutuwar Kawu, ba zan ɓoye ba. Na rufe rumfar facin tayata a tashar Agiye, na ce wa maƙwabcina kwana uku zan yi in dawo, sai ga ni na yi kwana ashirin da ɗaya a Gidan Sori. Ƙafafuna suka tsattsage da laka, bayana ya riƙe, ga tsoro da ban taɓa jin irinsa ba. Ni da na ba shekara arba'in baya, mai 'ya'ya shida, wai kifin da bai kai ɗan yatsana ba ne ya hana ni sakat. Ban yi lakol, wato makarantar boko, mai nisa ba, aji uku na yi na gudu. Ina rubuta wannan ne kawai don kada tsohon nan ya tafi ba wanda ya faɗi yadda yake.

Kawu wan mahaifiyata ne. Shi ya riƙe ni tun ina da shekara shida, bayan rasuwar mahaifina. Ya cika ne cikin kaka, ana tsakar yankan gero, bayan ciwon kwana tara. Kafin in samu mota daga Agiye zuwa Maradi, daga Maradi zuwa gida, an riga an kai shi. Tabarmi na iske a ƙofar gida da mutane a kai.

Liman ya ce shekara talatin bai taɓa riga Kawu shiga masallaci da asuba ba. Wani tsoho da suka yi rigimar iyakar gona ya ce sun yi shekara bakwai ba sa gaisawa, amma ranar da jakinsa ya faɗa rijiya Kawu ne ya fara zuwa da igiya, aka fitar da jaki, ya naɗe igiyarsa ya tafi, kuma bai gaishe shi ba. Aka yi dariya kaɗan, aka shafa fatiha. Bafulatanin da ke yi masa kiwon tumaki ya zo daga daji da sandarsa, ya tsuguna can gefe. Abin da ya ce kawai shi ne, "Allah ya jiƙan Kaɗona," ya share hanci da bayan hannu. Haka yake kiran Kawu, wato Bahaushena.

Amma akwai maganar da ba a yi da ƙarfi. In an gama addu'a sai ka ga mutum ya karkato ya rage murya.

"To abin nan na ɗaki fa? Wa za shi gada?"

"Ni dai ko da kyautar saniya anka haɗa min, ba ni so."

"A bar mamaci shi huta. Allah kaɗai ya san mi ke cikin ruwan nan."

Abin nan na ɗaki akwati ne na gilashi, tsawonsa kamu biyu, tsayinsa kamu ɗaya, a kan benci kusa da taga. A gindinsa laka da yashi, ciyawar ruwa ta tsiro a ciki, ƙainuwa ta rufe rabin sama da dogayen saiwoyinta, ga ƙananan kifaye suna yawo. Kawu ya taɓa yin gadi a Maradi a wani wurin masu aikin lafiya da ke kiwon irin kifin don su cinye tsutsar sauro. Da aikin ya tashi kowa ya ɗauki abin da ya samu, wani kujera, wani keke. Kawu ya dawo gida da kwalba da kifi takwas a ciki. Wani mai yankan gilashin taga ne ya haɗa masa akwatin. Shekara ashirin da wani abu ke nan, kuma jikokin jikokin waɗannan takwas ɗin ne ke ciki har ya mutu.

Abin da ya sa mutane ke tsoronsu shi ne ba sa yin ƙwai. Haihuwa suke yi. Cikin uwar ya kumbura, baƙin tabo ya fito kusa da wutsiya, sai ka ga ɗa ya faɗo da idanunsa biyu ya kama iyo nan take. Mutanenmu sun san tarwaɗa, sun san gaiwar da ake tonowa cikin busasshiyar laka. Kifin da ke naƙuda kamar mace kuwa, suka ce wannan ba kifi ba ne. Kawu ya yi ta kai wa mutane a gwangwani su sa a randa, ba mai karɓa.

Shi ma kuma bai taimaki kansa ba, don ya raɗa musu sunayen mutanen gida. Wata siririya mai ruwan toka da ba ta son hayaniya, ita ce Inna, matarsa. Namiji mai jar wutsiya da ke ta fankama a gaban gilashi, ƙanensa ne. Wadda ta fi kowa tumbi kuwa, ni ne.

Na ce, "Kawu, ni namiji ne, wagga mace ce."

Ya ce, "Dubi cikinka, dubi nata, ka gaya min inda na yi ƙarya."

Washegarin isowata abin ya faru. A wurinmu, kafin addu'ar uku mata kan wanke kayan mamaci kaf: riguna, buta, tabarma, har ƙwaryar da yake shan fura. Ɗiyar Kawu da ke aure a Gazawa, taubashiyata, ita ta ɗauki aikin ɗakin. Ta ga gilashi ya yi kore, ga laka, ga ciyawa, ta ce ba za a shigo a ga ubanta ya zauna da ƙazanta ba. Ta tsame kifin da rariya ta zuba a bokiti, ta kwashe laka da ciyawa ta watsa wa awaki a bayan gida, ta dirje akwatin da soso da garin sabulu har yana ɗaukar ido, ta cika shi da ruwan famfo, ta maida kifin. Da zuciya ɗaya ta yi. Har kirana ta yi in gani.

"Kai mai tumbi, zo ka ga aikin mata."

Na leƙa. Ruwa garau kamar ba ruwa, kifin duk sun taru a sama suna buɗe baki.

"Ke, mi kinka yi?"

"Wanki. Ko a Agiye ba ku san shi ba?"

"Ina lakar? Ina ciyawar?"

"Suna cikin akuya. Tahi ka tambaye ta."

Da safe tara suna yawo ciki sama. Cikinsu har da siririyar mai ruwan toka, da mai jar wutsiya. Ban san wa ya kai wa Inna labari a ɗakin takaba ba, amma kafin azahar ta juya fuska bango, ta ture ƙwaryar fura, kafin la'asar zazzaɓi ya rufe ta. Ƙanen Kawu da ya ji kifinsa ya mutu, ana shafa addu'ar uku ya hau babur ko sallama bai yi ba. Bai kai Gidan Rumji ba ya faɗi cikin yashi ya karya hannu. Na san hanyar yashi ce, na san bai iya babur ba tun asali. Amma da labarin ya iso, tabarmin ƙofar gida suka yi tsit, kuma na ga mutane suna satar kallona. Kowa ya san akwai mai sunana a ciki.

Ni kuwa akwai abin da na sani. Wata shekara na zo yawon Sallah na iske Kawu yana tsamo matacciyar mai tumbi da ludayi.

Na ce, "Kawu, wagga ba ni ba ce?"

Ya ce, "Kai ne."

Na zauna dirshan a ƙasa. Ya dube ni ya yi dariya har da tari.

"Kwantar da hankalinka, wagga mutuwarka ta shida ce. Ba su wuce shekara biyu. In ɗaya ta mutu sai in ba ɗiyarta sunan. Innarka ta mutu sau tara, ga ta can tana daka. Amma kada ka gaya mata."

Don haka na je ƙofar ɗakin Inna na durƙusa, na karya alkawarin Kawu, na gaya mata duka. Ba ta juyo ba.

Ta ce, "Na sani. Shekara ashirin ina share ɗakin can, kana tsammani ban sani ba? Duk ranar da ta mutu sai shi kira ni da sahe shi ce, zo ki ga kanki, kin yi kyau yau. In duba in ga wata ce daban, in yi shiru. Yanzu mai nunawar ya tahi, abin nunawar ma suna ƙarewa. Ku bar ni."

Muka ɗora ta a amalanke muka kai ta likita. Majo, babban ma'aikacin wurin, ya yi mata allura, zazzaɓin ya sauka, amma ya ce magani ba ya aiki a cikin da babu abinci. Muka dawo. Ludayi biyu na kunu take sha a wuni, shi ma sai an yi ta roƙo. Tsohuwar nan ita ta yi min wanka ina yaro, ita ta ɓoye min ƙanzo in Kawu ya ce ba za a ba ni tuwo ba saboda na gudu daga lakol. Ina kallonta tana shanyewa kamar ganyen rama a rana.

Na kwashe sauran kifin na zuba a wani tsohon kasko da ruwan randar da Kawu ke ajiyewa bayan ɗakinsa, wadda ya hana kowa sha. Amma sabulu ya riga ya shige su. Kullum sai na tsame biyu ko uku. A kwana na biyar da isowata saura uku. A na shida saura ɗaya, mai tumbin nan, da ciki, baƙin tabon ya fara nunawa. In ta haihu, akwai abin da za a nuna wa Inna. In ta mutu, shi ke nan, babu irinsu a duk ƙasarmu da na sani. Kuma sunana ne a kanta. Na san kifi ne. Na san rai na hannun Allah. Amma duk safiya kafin in leƙa kaskon sai na tsaya na yi addu'a, in kuma na ga ta kwanta a gindi ba motsi sai in dafa bango.

Na tsaya gaban akwatin nan wayam na gane ban san yadda ake haɗa shi ba. Shekara da shekaru yana yi a gabana ban taɓa sa ido ba, don ni ma ina cikin masu cewa ba kifi ba ne. Har na yi abin da ya fi haka muni. Lokacin da ɗana na biyu ya rasu da zazzaɓin damina a Agiye, Kawu ya zo gaisuwa da kwalba a naɗe cikin rawani. Bayan mutane sun watse ya ce in zuba su a babbar randar tsakar gida, sauro zai ragu wa sauran yara. Ni kuma zuciyata na tafasa. Na karɓi kwalbar na juye ta a ƙasa a gabansa, na ce ya kwashe tsafinsa daga gidana. Kawu, tsoho mai furfura, ya durƙusa cikin yashi yana tsince su ɗaya bayan ɗaya yana sawa a butar alwalarsa. Ya samu huɗu da rai. Ya shiga mota ya koma. Da kaka ta yi sai ga damin gero biyu ya aiko min kamar yadda ya saba, ba saƙo, ba gori. Har ya mutu bai tayar da maganar ba, ni kuma ban ba shi haƙuri ba. Kullum ina cewa sai na zo Sallah.

Abin da ya rage min maganganunsa ne, waɗanda nake ji ta bayan kunne. Yakan ce sabulu da kifi ba sa haɗa hanya. To na ɗauraye akwatin ban san sau nawa ba, na goge shi da yashi, na shanya shi kwana uku a rana, ina sunsuna shi kamar kare. Yakan ce kada a haɗa lakar wani wuri da ciyawar wani wuri, abin da ya zauna tare a tabki shi ke zama tare a gilashi. Sai dai ban san wane tabki yake zuwa ba. Bafulatanin ne ya sani, don can yake shayar da dabbobi.

Ya ce, "Tabkin giyayya, cikin gulbi. Kaɗona can yake shiga har wuya."

A tabkin nan na nutse ina da shekara takwas. Kawu ne ya jawo ni ta ƙafa, ya matse min ciki na amayar da ruwa, da na farfaɗo ya zane ni da tsumagiya, sannan ya goya ni har gida yana kuka. Tun daga ranar ban sake shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba.

Muka je da amalanke da bido biyu, wato jarkoki, da buhu. Ruwan baƙi ne saboda inuwar itace, ƙainuwa ta rufe gefe. Yashi da ƙainuwa ba wuya, a baki suke. Amma ciyawar da Kawu ke dasawa, siririya mai kama da gashin masara, a tsakiya take fitowa, kuma sai da saiwarta da lakarta.

Na ce wa Bafulatanin, "Don Allah shiga ka ciro min."

Ya ce, "Ni saniya na sani. Ciyawar kifi aikin Kaɗo ne. Shiga, tumbinka ba shi bari ka nutse."

Na tuɓe riga na shiga. Laka ta riƙe min ƙafa, sanyi ya hau cinya, ya hau ciki, ya kai ƙirji. Wani abu ya shafa min ƙwauri, na yi ihu irin wanda ban taɓa yi ba tun ina yaro. Bafulatanin ya ce saiwa ce, maciji ba ya son nama mai kitse. Ya miƙo min bakin sandarsa na riƙe da hannu ɗaya. Don in kai gindi dole sai na dulmiya kaina. Na karanta duk abin da na haddace, na rufe ido, na nutsa, na damƙo laka da ciyawa. Sau biyar na yi haka. Da na fito haƙorana na kaɗawa da rana tsaka. Muka cika bido da ruwan tabkin, na ɗauko wata matacciyar saiwar giyayya da ta daɗe a ruwa, don na tuna akwai irinta a akwatin da.

Haɗin farko ya lalace. Na shimfiɗa laka, na rufe da yashi, na dasa ciyawa, na ɗaga bido na kwarara. Komai ya tashi ya zama kunu, ciyawar ta tuge tana yawo a sama. Na zauna a kan gadon Kawu na haɗa kai da gwiwa. Taubashiyata tana bakin ƙofa. Tun ranar wankin ba ta ƙara tsokanata ba, ba ta ma iya haɗa ido da ni.

Ta ce a hankali, "Baba faranti yake kifawa."

"Mi?"

"Shi kifa faranti bisa yashi, shi zuba ruwan bisa farantin da ƙoƙo, kaɗan kaɗan. Ina ƙarama ni ke riƙe mai ƙoƙon. Kuma yashin ya hi haka kauri. Laka yatsa biyu, yashi yatsa uku."

"Kin san wanga duka kinka sa sabulu?"

"Na so a ce ɗakin Baba tsab yake," ta ce, sai hawaye.

Na ce, "To share ido ki kawo faranti, uwar tsabta."

Muka kwashe muka sake. Laka yatsa biyu, yashi yatsa uku. Saiwar giyayya a kusurwa. Ciyawa dogaye a baya, gajeru a gaba, muna tura saiwarsu da tsinke. Ta kifa faranti, ina miƙa mata ƙoƙo. Wuni guda muka yi kafin ya cika. Muka ɗora ƙainuwa a sama, muka gyara bencin inda hantsi kawai ke taɓa shi, don Kawu yakan ce ranar safe abinci ce, ranar azahar wuta ce. Wasu 'yan katantanwa da suka biyo ciyawar suka fara hawa gilashi, ta kai hannu za ta cire, na buge hannun. Su ne masu sharar Kawu.

Sai abin da ya fi shiga tabki wuya, wato jira. Kawu ba ya sa kifi a sabon ruwa sai ya kwana bakwai. Yakan ce sai ruwa ya san ɗakin tukuna. Ruwan kuwa ja ne, ba ka ganin bayan akwatin. Mai tumbin tana kasko, na sa mata ƙainuwa biyu, ina kai mata tsutsar sauro daga fasasshen tulun da ke bayan ɗaki, da garin busasshiyar fara a kan farce, ba fiye da haka ba, don ya sha faɗa cewa ƙoshi ke kashe su, ba yunwa ba. Wata rana ta ci, wata rana ta ƙi. Cikinta ya zama kamar zai fashe. A ɗaya ɗakin kuma Inna ta kai sai an tallabe ta take zama.

A kwana na huɗu na jiran, taubashiyata ta tare ni a tsakar gida.

"Ka sa ta yau. Inna ba ta kai kwana ukun nan."

"Bakwai Kawu ya ce."

"Kawunka na ƙasa! Uwata ce ke mutuwa!"

"In na sa ta ta mutu fa? Kina da wata?"

Ta juya ta koma ɗakin Inna. Ni ma ban san ko daidai nake ba. Na koma bayan ɗaki na tsuguna gaban kasko. In na yi gaggawa in kashe kifi, in na jira in iske tsohuwa ta tafi. Matata ta bugo waya daga Agiye tana tambaya ko na yi sabon gida ne a Gidan Sori. Ban iya gaya mata kifi nake jinya ba, na ce Inna ce, kuma ban yi ƙarya ba.

A kwana na shida ruwan ya fara washewa. A na bakwai da hantsi na ga ƙananan kumfa jere a kan ganyen ciyawa, suna tashi ɗaya ɗaya. Na tuna Kawu yana nuna min irinsu da baki yana cewa ciyawa na numfashi, shi ya sa ba ya buƙatar injin hura iska. Na ɗebo mai tumbin a ƙoƙo da ruwan kaskonta, na ɗora ƙoƙon a saman ruwan akwatin, ina ɗiga mata sabon ruwa da ludayi har aka kira azahar. Sannan na karkata ƙoƙon. Ta sulale ta shige ƙarƙashin saiwar giyayya. Kwana biyu ba ta fito ba. Kwana biyu ina durƙushe ina leƙen ko kumatunta na motsi.

Ran kwana na ashirin da isowata, bayan la'asar, ta fito ta tsaya cikin ciyawa tana karkarwa. Na kira taubashiyata da hannu. Wani ɗan abu kamar ƙwayar gero mai ido ya faɗo, ya miƙe, ya yi iyo. Uwar ta juyo ta haɗiye shi.

Taubashiyata ta dafe kai. "Innalillahi! Halinka ne sak, ba ta ƙyale komi!"

Ni ko dariya ba ta zo min ba. Na biyu ya faɗo, bai tsaya ba, ya harba sama ya shige cikin saiwar ƙainuwa. Na uku ya nutse cikin siririyar ciyawar da na ciro da kaina a ƙarƙashin ruwa. Sai a lokacin na gane abin da ya sa tsohon ke shiga tabki har wuya yana da shekara saba'in. Da akwatin wayam yake kamar yadda aka wanke shi, da ko ɗaya bai tsira ba. Kafin magariba ta gama, na tsame ta na maida kasko. Muka ƙirga idanu cikin saiwoyi, muka samu goma sha ɗaya. Taubashiyata ta miƙe za ta ruga wurin Inna, na riƙe mata zane. Na ce a bari su kwana tukuna. Ba zan nuna mata abin da zai mutu kafin safe ba.

Kawu ba malami ba ne, ba mai kuɗi ba ne, kuma yana da taurin kai da bakin tsokana da ya jawo masa zargi har cikin kabari. Sunayen nan da ya raɗa sun kusa kashe matarsa. Amma ban san wani mutum da ya riƙe abu mai rai shekara ashirin ana zaginsa a kai bai sake shi ba, kuma ni ma haka ya riƙe ni. Haƙurin da ban ba shi ba yana nan a wuyana. Allah ya yafe masa, ya sanyaya makwancinsa kamar inuwar giyayyar nan, ya sa ya yafe min kafin in iske shi.

Da gari ya waye na dawo daga masallaci na jira hantsi ya taɓa gilashi. Goma sha ɗaya suna nan. Na ɗauko tsohuwar kwalbar Kawu daga ƙarƙashin gado, na ɗauraye ta da ruwan randa, na kamo ɗaya da ludayi, siririya, wadda ta ware kanta a kusurwa. Na je ƙofar ɗakin takaba na yi sallama na durƙusa.

Na ce, "Inna, zo ki ga kanki."

A hankali ta juyo, ɗiyarta ta tallabe ta. Na ɗaga kwalbar wajen hasken ƙofa. Ta kai ido kusa, ta duba, ta duba.

Ta ce, "Wagga ai ba ta kai ƙwayar gero ba."

Na ce, "Ramewa kinka yi, Inna. Ba ki cin abinci."

Ta harare ni irin hararar da take min ina yaro. Ta karɓi kwalbar da hannu biyu ta ɗora a cinya, ta ce wa ɗiyarta, "Ke, dama min hurar nan, kada ki cika ruwa."

Na bar su, na ɗauki gwangwani na zagaya bayan ɗaki wurin fasasshen tulu, don sauran kifin ma ba su karya ba.